Ƙafafun Teburin Mai Shayi

Dillali ya ce in zo ran Asabar,
na zo ran Talata, bayan ruwan dare.
Mai son sayen sito a Ikko
damina yake fara tambaya.

Amuwo, layi na uku bayan kamfanin roba.
Ga shi nan kamar jirgin ruwa da aka kife a tudu,
fenti sabo, warinsa na yakar hanci.
Kolawole na gaba da makullai goma sha ɗaya,
bakinsa ya fi ƙafarsa sauri:
faɗi kaza, tsawo kaza,
Apapa kuwa ga ta nan, minti ashirin.
Na ce, ashirin na wane dare?
Na taɓa kwana uku bayan tanka a wannan titi.

Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai.
Mu tara ne a Alaba Rago,
shekara goma sha biyu muna zubi.
Akwai na wake, akwai na fata,
akwai na marayun Nomau, Allah ya jiƙansa.
Mai ɗauke da tulun wani ba ya tsalle.

Na ɗaga kai.
Kwano ya fito da taurari da rana tsaka,
na ƙirga goma sha bakwai, na bari.
Na ƙwanƙwasa ginshiƙai da makullin mota,
na farko ya amsa da muryar ƙarfe,
na huɗu ya zubo mini tsatsa a takalmi.
Na fasa ruwan leda a kan daɓe
in ga inda zai nufa.
Bai nemi kwata ba,
ya gangara tsakiya ya zauna kamar mai gida.

Sama dai ta yi, buhu zai hau ashirin da biyar.
Ƙofa fa? Jatau direba ya auna da ido,
ya furzar da tukar goro:
tirela za ta shiga da kai,
juyowa kuwa sai an roƙi katangar maƙwabci.

A ofis aka baje mini takardu.
Shaidar mallaka hoto ce, ta ainihin tana banki.
Sunan da ke kan taswira
ba shi ne a kan rasit ba.
Wai magada ne, su shida, duk sun yarda.
Na ce sa hannu biyar na gani.
Na shidan yana Turai, ba ya da matsala.
Na san irinsa.
Shi ke sauka da lauya bayan an biya.

Na zauna a kan matacciyar taya, na fito da biro.
Hayar shekara a sama.
Cire harajin fili, cire sabon kwano,
man janareta, masu gadi biyu,
samarin unguwa da ke karɓar na sauke kaya,
da watannin da gizo-gizo ne kaɗai ɗan haya.
Shekara ashirin da biyu
kafin uwar kuɗi ta ga hanyar gida.
Ni yanzu hamsin da takwas gare ni.

A bakin ƙofa akwai mai shayi, Illo,
mutumin Gwadabawa.
Yana fifita wuta, ni ina kallon ƙasa:
kowace ƙafar teburinsa
a kan bulo uku take tsaye.
Na ce, ado ne?
Ya yi dariya. Yuni biyu, Yuli uku.
Bara sai da na aro na huɗu.
Shinkafar ɗan hayan da ya tashi
a cikin buhu ta yi tsiro,
kore shar, har awaki na leƙe.

Na koma ciki ban yi sallama ba.
Na kankare fenti da farce daidai gwiwa,
ga layin nan, baƙi, miƙe,
ruwa ya sa hannu tun kafin magada.

Kolawole ya kira sau uku kafin in kai Oshodi,
farashi na sauka kamar zazzaɓi.
Ban ɗauka ba a na huɗu.
Gobe akwai wani a Ikorodu.
Na sayi ruwan leda biyu,
na ce wa Jatau mu fita kafin asuba,
in Allah ya sa ruwan ya kwana yana zuba.